Zan je gaɓar Tanja a watan Maris: yaushe tsuntsaye ke ƙetarawa, kuma namu ne na fadamar Rima?

Malamin Makaranta, Mabera:

Assalamu alaikum warahmatullah. Tambayata ga waɗanda suka san ƙasar Maroko ce, da kuma waɗanda Allah ya ba sanin halin tsuntsaye. In Allah ya yarda zan raka mahaifina ziyara Fas a tsakiyar watan Maris, kuma bayan an kammala muna da ragowar kwana huɗu kafin jirginmu ya tashi daga Kasabalanka. Tsoho ya ce shi zai zauna wajen abokansa ya huta, ni kuwa ina so in hau jirgin ƙasa zuwa Tanja, in bi gaɓar teku da ƙafa, in ga da idona yadda tsuntsaye ke ƙetarawa daga Afirka zuwa Turai.

Abin da ya ja ni ga wannan ba sabo ba ne. Shekara shida ke nan ina fita fadamar Kwalkwalawa ko tafkin Kware ranar Asabar bayan sallar asuba, da ɗan madubin hangen nesa da littafin rubutu, kuma duk shekara abu ɗaya nake gani. Daga ƙarshen Fabrairu ƙananan agwagin ruwa da 'yan tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a bakin taɓo sai su fara raguwa, kafin Afrilu ya raba sai ka neme su ka rasa, sa'annan shamuwa ta iso ta hau bishiyoyin cikin gari. Abin da ke rikita ni shi ne rubuce-rubucen da nake karantawa suna cewa ƙaurar “farkon bazara” ce, alhali bazarar da na sani a Sakkwato ita ce wadda kwalta ke narkewa. Shin tsakiyar Maris wuri na yi ko latti? A ina mutum zai tsaya, kuma da wane lokaci na yini? Wadda ta fi damuna ita ce ta ƙarshe: waɗanda zan gani suna ƙetarawa, su ne waɗanda suka bar mana fadama, ko dai wasu ne dabam?

Tsohon Ɗalibi, Runjin Sambo:

Wa'alaikumus salam, Malam. Na yi shekara huɗu ina karatu a arewacin Maroko, kuma na sha bin wannan gaɓa, don haka zan amsa abin da ya shafi ƙasa da iska, in bar maganar jinsin tsuntsaye ga masu ita.

Kalmar bazara ce ta yaudare ka. Abin da ake nufi shi ne lokacin da sanyin hunturu ke sakin ƙasashen arewa, ciyawa ta tsiro, ƙwari su fito, wato daga Maris zuwa Mayu. A Tanja za ka tarar da duwatsu kore shar, ana yayyafi, zafin rana da wuya ya kai awo 20, ga iskar teku mai ratsa ƙashi. Ka tafi da rigar sanyi mai kauri da wadda ruwa ba ya shiga, da takalmi mai riƙe dutse, domin silifas ɗin Sakkwato ba zai kai ka ko'ina ba a can.

Tsakiyar Maris lokaci ne mai kyau. Dalilin da ya sa manyan tsuntsaye ke taruwa a wurin shi ne mashigin Jabal Ɗariƙ, wanda Turawa suka juya sunansa zuwa Jibiralta, bai wuce kilomita 14 ba a inda ya fi ƙunci. Shirwa da gaggafa da shamuwa ba sa son yawan kaɗa fiffike, suna dogara ne ga iska mai ɗumi da ke tasowa daga ƙasa idan rana ta dake ta, su yi ta kewayawa a cikinta har su yi sama ƙwarai, sa'annan su miƙe fiffike su sulale gaba. Irin wannan iska ba ta tasowa a kan teku, shi ya sa suke neman inda ruwan ya fi ƙanƙanta. Saboda haka kada ka wahalar da kanka da fitar asuba kamar yadda ka saba a Kware. Su sai hantsi ya ɗaga suke tashi, daga wajen ƙarfe tara ko goma har zuwa bayan azahar.

Wuri biyu zan ba ka. Na farko shi ne gaɓar gabas da Tanja, ka bi hanyar garin Ƙasar Sagir, ka wuce babbar tashar jiragen ruwa ta Tanger Med, zuwa tuddan da ke kusa da Dutsen Musa, wanda tsayinsa ya kai wajen mita 850. Daga nan, ranar da gari ya washe, kana hangen gidajen Tarifa a ƙasar Sifen kamar ka miƙa hannu, kuma nan ne tsuntsayen ke yin kewayen ƙarshe kafin su faɗa kan ruwa. Na biyu shi ne Kaf Isbartel da ke yamma da birnin, inda akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka gina tun 1864, da turbobin ƙafa cikin itatuwa. Can ya fi sauƙin zuwa, kuma ya fi dacewa da kallon tsuntsayen teku da ƙananan da ke labewa cikin kurmi, to shi kam fitar safiya ta dace da shi.

Abin da zai yanke hukuncin tafiyarka shi ne iska. Akwai ta gabas da mutanen wurin ke kira sharƙi, wadda in ta taso da ƙarfi takan yi kwana biyu ko uku tana bugawa, tsuntsaye su ƙi ƙetarawa, su yi ta taruwa a kan tuddai suna jira. Na taɓa yin yini guda cur a irin wannan rana ban ga komai ba sai 'yan shirwa da ke gwadawa suna komowa. Washegari iskar ta kwanta, sai sama ta cika har wuyana ya gaji da ɗagawa. Don haka kada ka tsara cewa rana kaza ce ta Dutsen Musa, ka duba hasashen iska kowane dare a wayarka, ka ba dutsen ranar da ta fi laushi.

Abu guda kuma, kada ka raina shi. Yankin yana dab da iyakar Sabta, birnin da ke hannun Sifen a gaɓar Maroko, jami'an tsaro suna sa ido sosai saboda masu neman ƙetarawa Turai ta ɓarauniyar hanya, kuma baƙo daga ƙasashenmu da ke yawo shi kaɗai a kan tudu da jaka a baya dole a tambaye shi. Ka riƙe fasfonka da takardar masaukinka a jiki, ka ɗauki ɗan gari ya yi maka jagora, kada kuma ka nufi madubinka wajen sansanin soja ko tashar jiragen ruwa. Ƙetarawa Tarifa kuwa sai da bizar Turai, don haka ka cire shi daga lissafi.

Malamar Kimiyya, Arkilla:

Malam, tambayarka ta ƙarshe ita ce ta sa na zauna rubutu, domin amsarta ba “e” ba ce kai tsaye, kuma ba “a'a” ba ce.

Mu fara da shamuwa, tunda ka ambace ta. Shamuwarmu mai baƙin baya da farin ciki, wadda isowarta ke sa manomi ya fara gyaran gona, ba ta zuwa Turai ko kaɗan. Ƙaurarta duk a cikin Afirka take: tana sheƙa a nan lokacin damina, in kaka ta yi ta nufi gabashi da kudancin nahiyar inda ruwa ke sauka a lokacin. Wadda za ka gani a Maroko ita ce babbar farar shamuwa mai jan baki da jan ƙafa, kuma ita tana cikin masu saurin komawa, da yawansu sun riga sun ƙetare kafin Maris. Wasu ma yanzu ba sa wahalar ratsa Sahara, suna cin hunturunsu a juji a Sifen da Maroko. In ka bi ta Rabat, ka leƙa kangon Shalla, za ka gan su sun ɗora sheƙa a kan tsohuwar hasumiya.

Shirwa ita ce za ta fi yawa a idonka, domin Maris ne ganiyar wucewarta. Amma ka lura da baki. Shirwar da ke shawagi a kan mahautanmu tana sure 'yan tsaki, babbarta bakinta rawaya ne, kuma ita ma cikin Afirka take kai-komo tana bin ruwan sama. Ta Turai bakinta baƙi ne, kanta kuma ya fi haske. Sai dai ƙaramar tamu ma bakinta duhu ne, shi ya sa a nan gida rarrabe su ke ba mutum wuya, a Tanja kuwa ba ka da wannan matsala. Bayan shirwa za ka ga gaggafar nan mai farin ciki da babban kai wadda macizai ne abincinta, ita ma Maris ne lokacinta, da farar ungulun Masar mai rawayar fuska, wadda ke cin rani a yankin Sahel. Wata dangin shirwa mai cin ƙudan zuma da rina kuwa, wadda kan wuce dubbai, sai ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, ba za ka riske ta ba.

To amma su wa suka bar maka fadama? Waɗanda kake ƙirgawa a Kware yawancinsu ba masu shawagi ba ne. Ƙaramar agwagwar nan da namijinta ke da farin zane a kan ido, da masu dogayen ƙafafu da ke tsince shinkafa a fadama, da ɗan tsuntsun nan mai rawayan ciki da ke bin ƙafar shanu yana kaɗa wutsiya, duk da ƙarfin fiffikensu suke tafiya, akasari da dare, kuma ba ruwansu da neman inda teku ya ƙuntata. Ka duba taswira: Sakkwato tana gabas da Tanja da nisa, kuma wanda ya miƙe arewa daga nan zai ratsa Nijar da Aljeriya ko Libiya ne, ya faɗa Tunisiya da Italiya. Waɗanda ke bin Jabal Ɗariƙ sun fi fitowa daga Senegal da Muritaniya da Mali. Saboda haka jinsin da yawa iri ɗaya ne, amma in ka ce tsuntsun da ka gani ranar Asabar a Kwalkwalawa shi ne zai bi ta kanka a Dutsen Musa, ka yi wa kanka alkawarin da babu mai cika maka.

Ni a ganina abin da ke faruwa a gabanka a Sakkwato cikin Fabrairu da Maris bai gaza na Tanja ban mamaki ba, illa dai shi ba a ganinsa daga nesa. Hamadar da ke gabansu ta kai kilomita 1,500 zuwa 2,000, babu abinci babu ruwan kirki, don haka ƙananan tsuntsayen sukan yi makonni suna ci babu ƙaƙƙautawa suna tara kitse. Masu binciken da suka riƙa kamawa suna aunawa a Malam Fatori, bakin tafkin Cadi, a ƙarshen shekarun 1960, sun tarar da wasunsu sun kusa ninka nauyinsu kafin su tashi, kuma 'ya'yan itacen asuwaki na cikin abin da suke ci. In damina ta gaza a nan, can ake jin raɗaɗin. A shekarar 1969 masu ƙirga tsuntsaye a Birtaniya suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a shekara guda, daga baya aka gano farin da aka yi a Sahel ne ya cinye su. Wannan littafin da kake rubutu a ciki shekara shida yana da daraja fiye da yadda kake zato, domin masu lura a yankinmu kaɗan ne. Ka shigar da abin da ke ciki a manhajar eBird, ko ka tuntuɓi cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos, wadda ke tattara bayanan taswirar tsuntsayen Najeriya.

Dattijo, Wurno:

Ɗana ne ke rubuta mini wannan, ni nake faɗa. Malam, Allah ya kai ku lafiya, ya karɓi ziyara, ka gaida mahaifinka.

Ni ban je Maroko ba, amma a fadamar Rima na girma. Muna yara, in ruwa ya fara janyewa bayan kaka, agwagin nan kan sauka har su rufe fuskar tafki, in suka tashi gaba ɗaya sai ka ji kamar hadari ya taso. Dinya da kirinjijiya mun san namu ne, ko wane lokaci akwai su, amma ƙananan mun san baƙi ne, suna zuwa da sanyi su tafi da zafi, iyayenmu kuma ba su san inda suke zuwa ba. Na taɓa ganin wani maharbi ya kawo ɗaya da zoben ƙarfe a ƙafa, da rubutun boko a jiki. Mutane suka taru, wasu suka ce ta aljanu ce kada a ci, shi dai ya cire zoben ya rataya a jikin layarsa. Sai yanzu da jikata ke karanta mini bayanin Malama na gane wani ne a wata ƙasa ya sa mata don ya san inda za ta.

Abin da nake so in ƙara shi ne ruwan ya canza. Tun bayan farin 1973 da na 1984, da kuma dam ɗin Goronyo da aka gama a wannan tsakanin, ambaliyar da ke cika ƙananan tafkuna ba ta zuwa yadda take zuwa da. Ban ce dam bai yi amfani ba, da shi muke noman rani, albasa da shinkafa da alkama. Amma wuraren da na san agwagi na kwana yanzu gonaki ne, gauraka kuwa na manta rabon da in ji kukanta. In kana neman baƙin nan kafin su tafi, ka zo wajen Lugu da gonakin shinkafar Wurno tun cikin Janairu, kada ka bari sai Maris.

Malamin Makaranta, Mabera:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, in sha Allahu Janairu mai zuwa ina Wurno, kuma zan nemi ɗanka ya kai ni wajenka. Malama, na karɓi gyara game da shamuwa, domin har ga Allah na daɗe ina gaya wa ɗalibaina cewa daga Turai take zuwa, ranar Litinin zan warware musu. Amma bayaninki ya bar ni da wata buƙata. Tunda masu dogayen ƙafafun nan su ne na fi sabawa da su, kuma ba a Dutsen Musa zan gan su ba, akwai wani wuri a gaɓar da zan iya samunsu a ƙasa suna kiwo, ko da kwana ɗaya ne a cikin huɗun?

Malamar Kimiyya, Arkilla:

Akwai, Malam, kuma yana kan hanyarka ta komawa. Tsakanin Tanja da Rabat akwai wani tafkin gishiri da ke haɗe da Tekun Atlantika, ana kiransa Marja Zarƙa, kusa da ƙauyen Maulaya Busalham, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci tun 1980. Zango ne a kan babbar hanyar gaɓar Atlantika, wadda ta taso daga Gini Bisau da gaɓar Bankin Argin ta Muritaniya, inda tsuntsayen bakin ruwa kusan miliyan biyu ke cin hunturu, ta bi ta Maroko da Faransa da Holan har zuwa ƙasashen ƙanƙara. A nan ne aka yi ganin ƙarshe da aka tabbatar na wani tsuntsu mai siririn lanƙwasasshen baki a Fabrairun 1995, wanda yanzu masana suka yanke cewa ya ƙare a duniya. Za ka ga filamingo masu ruwan hoda, da zalɓe da belbela waɗanda ka sani, da wasu daga cikin baƙin Kware, mazansu sun fara sauya gashi zuwa na lokacin aure, abin da ba kasafai kake riska a gida ba domin sukan tafi kafin ya cika.

Sai dai kallon bakin teku yana da ƙa'idar da ɗan fadama bai sani ba. Tafkinmu a wata yake janyewa, teku kuwa sau biyu yake cika ya janye a yini da dare, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. In ruwa ya janye, tsuntsayen sukan bazu can nesa a kan taɓo, sai ɗigo-ɗigo kake gani. In ya fara dawowa shi ke koro su zuwa gare ka, don haka ka kasance a wurin kamar awa biyu kafin cikarsa, ka sa rana a bayanka, ka zauna wuri ɗaya. Kada ka matsa har su tashi, domin duk tashin banza yana cin kitsen da suka tara don tafiya. Lissafin ma ba baƙo ba ne gare mu, tunda da wata yake tafiya: cika mafi girma tana zuwa ne a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, ko kwana ɗaya zuwa biyu bayansu.

Tsohon Ɗalibi, Runjin Sambo:

In ƙara kan na Malama. Jirgin ƙasa mai sauri na Al Boraƙ ba ya tsayawa kusa da wurin, daga Tanja sai Kenitra, don haka ka shiga mota zuwa Larash ko Suƙul Arba'a, daga nan ka hau tasi zuwa Maulaya Busalham. Masuntan garin ne ke shiga da baƙi cikin tafkin a kwalekwale, ku daidaita kuɗi da yawan awanni tun kuna tudu, kuma ka tambaye su lokacin cikar ruwa tun daren da ka sauka, sun fi wayarka sani. Madubin naka in mai lamba 8x42 ne ko kusa da haka ya isa, amma ka riƙe tsumma mai laushi a aljihu, domin feshin gishiri yana dushe gilashi cikin awa guda. Ka ajiye wannan zango a rana ta huɗu, tunda shi iskar sharƙi ba ta ɓata shi kamar yadda take ɓata na dutse, ka bar ukun farko a hannun iska.